Jikar Mai Wankan Gawa

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. Sau biyu ina farawa ina yage takardar, domin baki ne ya jawo mana abin da muke ciki, kuma alƙalami ma baki ne. Karatuna bai wuce aji huɗu ba, sai ɗan abin da na ƙara daga baya. Amma tunda an riga an faɗi rabin labarin a rediyo da muryata, gara in faɗi sauran da hannuna. Na canza sunayen mutane. A kan abin da na gani a jikin mamaciyar kuwa, ba zan ƙara komai a kan wanda unguwa ta riga ta ji ba.

Sunana Ruhaina. A unguwar Nima nake, cikin birnin Accra, a wani gidan haya mai ɗaki goma sha ɗaya, ni da kakata Mma Azara, wadda ta riƙe ni tun rasuwar mahaifiyata. Da safe muna sayar da koko da ƙosai a bakin titi. Amma ba da koko aka san Kaka ba. Ita ce mai wanke gawar mata a ɓangarenmu, daga masallacin layinmu har zuwa babbar kwatar da ta raba mu da unguwar Maamobi. Shekara talatin da ɗaya tana yi, ba a biyan ta. Abin da take samu shi ne idan ta shiga gidan suna ko biki, mata su tashi su ba ta kujera, har da matan alhazai. Takan ce ba ta gina gida ba, ba ta je Makka ba, wannan aikin kaɗai take da shi da za ta nuna wa Ubangijinta.

Da hannunta ya fara rawa, sai ta ce in riƙa bin ta ina zuba mata ruwa. Ta zaɓe ni ne don ba ni da magana. Ko mai sayen koko ya tambaye ni ya gida, kaina a ƙasa nake amsawa. Ranar farko, kafin mu shiga ɗakin, ta riƙe haɓata ta ɗaga fuskata.

“Idon mai wanka ba ya bin ta gida,” in ji ta. “Abin da kika gani a ciki, a ciki za ki bar shi. Ko ni kada ki tambaya idan mun fito.”

Wata takwas ina bin ta ban tambayi komai ba.

A lokacin ina zuwa wurin Anti Fauzia duk ranar Asabar. Anti Fauzia 'yar jarida ce, tana da shiri da Hausa a wani ƙaramin gidan rediyo duk Lahadi bayan la'asar, kan talauci da rashin lafiya da shara a unguwannin Zango, inda Hausawa da sauran Musulmi suka fi zama. Tana kuma da ƙungiya ta taimakon mata, da ofis ɗaki ɗaya a unguwar Kokomlemle, inda ake koya wa irinmu da muka bar makaranta karatu da haɗa sabulu. A Nima aka haife ta, amma tun tana ƙarama iyayenta suka tashi. Hausarta rabi Turanci ce. Ina son ta sosai. Ita ce mutum ta farko da ta duba rubutuna ta ce yana da kyau.

Akwai wani abu da take yi da muka saba da shi. Kullum katin gidan rediyo yana rataye a wuyanta da igiya shuɗiya. Idan ta shigo ofishin ƙungiya sai ta cire shi a gabanmu, ta naɗe igiyar, ta jefa a jaka, ta ce to, ta cire rediyo, yanzu yayarmu ce. Mu yi dariya. 'Yan mata sukan gaya mata abubuwa bayan ta yi haka, na mazajensu da na iyayensu. Ni ina zaune a kusurwa ina ji.

Wata Juma'a aka aiko cewa Mma Salimatu ta rasu. Matar Malam Ishawu ce, tela da idonsa ya fara mutuwa har mutane suka daina kai masa ɗinki. 'Yarsu Shifa ƙawata ce tun makarantar allo. Mma Salimatu tana soya gyaɗa tana ɗaurawa a leda, ita ke ciyar da gidan. An san ta da tsafta da yawan turare, har mata na tsokanar ta wai amarya ba ta tsufa. Ba wanda ya taɓa jin ta ce kaina na ciwo.

Muka wanke ta. Muka fito. Kaka ta ce wa dangi Allah ya yi mata rahama, ta tafi da kyakkyawan jiki, kamar yadda take gaya wa kowa.

Ni kuwa na kasa cin abinci. Washegari Asabar na je aji, na zauna ban rubuta komai ba. Da aka tashi Anti Fauzia ta ce in tsaya in taya ta jera kujeru. Ta sayo mini ruwa mai sanyi. Ta tambayi abin da ke damuna, na ce ba komai. Ta nuna mini wuyanta, ba kati.

Tambaya ɗaya na yi niyyar yi. Na ce, idan mace tana da ciwo a nono, ya fashe, da an kai ta asibiti da wuri za ta rayu? Ta ce da yawa suna rayuwa. Ta tambaya ko ni ce, na ce a'a. Ko Kaka ce, na ce a'a. Sai ta jawo kujerarta kusa da tawa ta riƙe hannuna tana jira, ni kuma da ban saba a jira maganata ba, sai bakina ya buɗe. Na gaya mata tsumman atamfa da muka samu an cusa a wurin, wani kan wani. Na gaya mata dalilin turaren. Na ce Kaka ta ce ciwon ya kai shekara biyu, kuma na san ta ɓoye ne don abin da za a kai asibiti shi ne abin da gidan zai ci. Na yi kuka, ita ma ta yi. Wayarta tana kan tebur a kife. Na gan ta, ban kawo komai a raina ba.

Bayan sati biyu, ranar Lahadi, muna tsakar gida. Kaka tana tsince waken ƙosai a faranti. Maƙwabciyarmu Mma Lariba, aminiyar Kaka tun suna 'yan mata, tana kwance a tabarma don ta daɗe ba lafiya, rediyonta a gefen kanta. Sauran matan gidan suna wanki da girki. Anti Fauzia ta buɗe shirin ta ce yau za mu ji abin da talauci ke sa mata su ɓoye, daga bakin wadda ta gani da idonta. Ta ce an canza muryar don a kare mai maganar.

Sun canza ta kuwa. Ta yi kauri kamar ta namiji mai mura. Ba sunan kowa, ba sunan layi. Amma muryar ta ce, “Ranar Juma'a ne. Kaka ta ce in riƙe buta, ita ta kwance zanen.”

Mace ɗaya ce ta rasu ranar Juma'a a ɓangarenmu cikin watan. Mutum biyu ne ke shiga ɗakin wanka. Ɗaya ce ke ce wa ɗayar Kaka.

Ba wanda ya kashe rediyon. Suka saurara har ƙarshe, da tsumman da turaren da kukana mai kauri. Matar da ke wanki ta tsaya da hannunta a kumfa tana kallona. Kaka ba ta ɗaga kai ba. Ta ci gaba da tsince wake har ta gama farantin, ta zubar da tsakuwa, sannan ta ce, “Ke ce?” Na ce ni ce. Ta tashi ta shiga ɗaki. Kwana uku ba ta yi mini magana ba sai ta koko.

Da safe a wurin sana'a aka fara. Wata mai sayar da tumatir ta zo da kwanonta, ta rufe ƙirjinta da hannu biyu ta ce, Ruhaina, juya baya ki zuba mini, kada in ji kaina ranar Lahadi. Masu jiran trotro, motar haya, suka yi dariya. Wata ta ce ai yanzu mutuwa ma sai ka yi kwalliya, tunda 'yan jarida ke wanka. Wani mai gyaran waya ya riƙa kwaikwayon muryar mai kauri duk lokacin da zai wuce, yana cewa Kaka ta ce in riƙe buta. Kaka tana zaune kusa da ni tana juya ƙosai a mai kamar ba ta ji.

Amma Malam Ishawu aka fi ci. Samarin da ke zama a bakin layi suna shan shayi suka sa masa suna mai hanci toshe. A masallaci wani ya ce a gabansa, namijin da matarsa ta ruɓe a gadonsa shekara biyu bai sani ba, ko dai ba ya gani ko ba ya so ya gani. Ya daina fita jam'i. Ranar Alhamis da hantsi ya zo gidanmu, Shifa tana riƙe da hannunsa. Bai yarda ya zauna ba. Ya gaishe da Kaka gaisuwa cikakkiya, ya tambayi jikinta, ya tambayi kasuwa. Sannan ya ce ita marigayiyar ta koma kwana a ɗakin yara ne ta ce masa tarinsa ke hana ta barci, shi kuma ya yarda.

“Shekara ashirin da shida ta rufa mini asiri, Mma Azara. Ta ɓoye mini don kada in ji kunyar kaina. Ke kuwa awa ɗaya muka ba ki ita.”

Kaka ta durƙusa masa, tsohuwa mai shekara saba'in, a gaban duk matan gidan. Ya ce ta tashi, shi ba ya da abin yafewa, mai abin tana ƙasa. Da za su fita Shifa ta saki hannunsa ta dawo inda nake tsaye jikin bango. Ta kama wuyan rigarta ta ja ƙasa.

“Ga nawa ma,” ta ce a hankali. “Duba da kyau. Ko sai na mutu?”

Washegari Kaka ta ja ni gidan liman. Ta sa na durƙusa gaban matar liman na nemi gafara, ita kuma ta yi rantsuwa cewa ba zan sake taka ɗakin wanka ba, za ta nemi wata mai zuba ruwa. Ta tambaya ko za a ci gaba da kiran ta. Ban taɓa jin Kaka ta roƙi mutum ba sai ranar. Matar liman ta ce su ba su hana ta ba, ba su kuma sa ta ba, masu gawa ne ke kira, a jira a gani. Ba ta ba Kaka kujera ba. A tsaye muka yi maganar a bakin ƙofar kicin.

Ranar Asabar na tafi Kokomlemle da ƙafa, na isa kafin sauran. Duk hanya ina shirya abin da zan ce, da na shiga ya gudu. Anti Fauzia ta rungume ni. Ta ce shirin ya yi abin da shekara biyar na surutunta bai yi ba. Wasu jaridu sun ɗauka, masu ba ƙungiya tallafi sun kira, an yarda za a kawo mota da ma'aikatan jinya a duba mata kyauta a Nima da Maamobi. Ta buɗe kwali ta ciro riga mai ruwan hoda, ta gangamin duba matan, ta ɗora mini a kafaɗa, ta ce tawa ce ta farko.

Na ce, “Anti, kin cire katin.”

Ta ce ta cire, gaskiya ne.

“Amma kunne biyu gare ni, Ruhaina, ba huɗu ba. Abin da na ji a nan ba zan iya mantawa da shi a can ba.”

Na ce an gane ni. Ta ce ba zai yiwu ba, ita da kanta ta zauna da mai haɗa sauti, ba suna ko ɗaya. Na gaya mata maganar Juma'a da buta. Ta dafe goshi ta ce wannan kuskure ne, ta ba ni haƙuri, ta ce ba ta san mutum biyu kaɗai ke shiga ba, ta ɗauka dangi ma suna shiga. Sannan ta ce amma in tsaya in yi tunani, mata nawa ne yanzu haka suke yawo da tsumma a ƙirji? Wannan rufa asirin da nake kuka a kai, shi ne ya kashe matar. Kakata ta wanke irinta nawa ta yi shiru? Da ta yi magana shekara ashirin da suka wuce, da wasu suna raye. Mutane za su yi surutu na wata ɗaya su manta.

Har yau ban san amsar ba. Na tambaye ta kawai ko za ta zo ta gaya wa matar liman cewa ban san tana ɗauka ba. Ta ce idan ta yi haka ta tabbatar wa kowa cewa ni ce, kuma aikinsu ya hana a bayyana wanda ya ba da labari. Ta ce tana kare ni ne. 'Yan aji suka fara shigowa, ta ciro katin daga wuyanta ta naɗe igiyar, suka yi dariya. Na ajiye rigar a kan kujera na fita.

Motar ta zo bayan sati uku, ranar Laraba. Aka kafa rumfuna a filin da ke kusa da kasuwa, da kujerun roba da manyan lasifika. Tun ƙarfe takwas suke sa muryar mai kauri, ta ƙare su sake sa ta, tsakanin kiɗa da jawabi. Daga wurin kokonmu ana ji sarai. Mata suka yi layi har bakin titi. Mai tumatir ɗin nan tana ciki, na gan ta da idona. An ce an samu mata bakwai da za a tura babban asibiti. Na rubuta wannan don gaskiya ne.

A wannan ranar, wajen ƙarfe goma, Mma Lariba ta cika. A gidanmu, ɗaki uku tsakaninta da namu. Ba sau ɗaya ba na ji ta ce wa Kaka, Azara, kada ki riga ni, ke za ki wanke ni, kin san ba na son ruwan sanyi. Kaka takan ce mata ai sai ta dafa mata har da kanumfari.

Muka kwashe kayan koko muka koma gida. Kaka ta yi alwala, ta sa farin mayafinta, ta fito da ƙaramin akwatin kwano inda take ajiye almakashi da auduga da kafur da safar hannu. Ta ɗora ruwa a wuta da kanta. Ta ce in shiga ɗaki in rufe ƙofa kada a gan ni. Ta zauna a kan benci a ƙofarmu, akwatin a cinyarta.

Ta tagar nake kallo. 'Ya'yan Mma Lariba suna shiga suna fita, suna wuce ta. Babbar 'yar ta gaishe ta sau ɗaya ba ta tsaya ba. Ruwan ya tafasa, Kaka ta sauke, ta surka, ta koma ta zauna. Ya huce, ta sake ɗorawa. Daga filin kasuwa muryar tana ta cewa Kaka ta ce in riƙe buta.

Wajen sha biyu tasi ta tsaya a ƙofar gida. Hajiya Memuna ce ta fito, mai wankan Maamobi, da wata mata biye da ita. Ba ta taɓa tsallako kwata don wannan aikin ba, ita da Kaka kowa ya san iyakarsa. Ta ga Kaka, ta rage tafiya, ta ce Mma Azara sai haƙuri, kira na aka yi. Kaka ta ce Allah ya ba da lada. Ta ce akwai ruwan ɗumi, marigayiyar ba ta son na sanyi. Babbar 'yar Mma Lariba ta amsa daga bakin ƙofa cewa sun gode, sun riga sun tanadi nasu.

Aka rufe ƙofar. Kaka ta zauna a wurin har aka gama, aka fito da makara, maza suka ɗauka. Ba ta yi kuka ba. Ta tashi ta zubar da ruwan a kwata.

Bayan la'asar ta kira mata biyu daga cikin maƙwabta, ta kira ni, ta ce mu zauna. Ta ce tana so su zama shaida. Ta ce ta yafe mini abincin da ta ciyar da ni da duk wahalar da ta sha a kaina, ba ta kore ni ba, ɗakin nan nawa ne.

“Amma ranar da na mutu, wannan kada ta shiga inda nake. Kada ta ɗebo ruwan, kada ta taɓa likkafanin. Ta zauna a waje da baƙi.”

Ɗaya daga cikin matan ta ce haba Mma, yarinya ce, yaudarar ta aka yi. Kaka ta ce ta sani. Ta ce ita ma tana da abin da ba ta so Accra ta ji. Sannan ta tura mini akwatin da ƙafa, ta ce gobe in kai wa Hajiya Memuna, ita ba ta da sauran amfani da shi.

Washegari da safe na dama koko, na kai wa Kaka kayan bakin titi, na kunna mata wuta. Sannan na ɗauki akwatin a ka na bi ta kan gadar kwata na shiga Maamobi. Na tambayi gidan sau biyu. Hajiya Memuna tana shara a ƙofarta. Na gaishe ta, na faɗi saƙon, na miƙa mata da hannu biyu. Ta dubi akwatin, ta dube ni, ta ce in ajiye a ƙasa. Na ajiye. Na tsaya kaɗan ko za ta ce in gaida Kaka, ba ta ce ba. Na juyo na koma wurin koko, don lokacin 'yan makaranta ya yi kuma Kaka ba ta iya zubawa da sauri.